Malam Edita, a ja kunnen masu mota kan hita da ruwan lagireto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Don Allah a sam min fili a jaridar nan in yi magana da 'yan uwana masu mota da direbobi, saboda wani abu da ya same ni wanda da a ce na san abin da na sani yanzu da ban kai ga tsayuwa a gefen titi bonet a ɗage ina kallon tururi kamar wanda aka yi wa sata ba. Ni ba makanike ba ne, gara in faɗa tun yanzu kar wani ya ce na shigo musu sana'a, mai mota ne kawai da wahala ta koya wa yawan tambaya.

Abin ya faro ne wata safiya da ake sanyi, na tayar da mota na bar ta ta ɗumama kamar kullum, na kunna hita, sai na ji iska mai sanyi ce take fitowa alhali allurar zafi ta riga ta kai inda ta saba tsayawa. Da na hau titi na taka totur sai ɗumi ya zo, da na tsaya a danja sai ya sake ɗaukewa. Kuma duk sanda na taka sai in ji wata ƙara a bayan dashbod, ƙulul ƙulul, kamar ana tsiyaya ruwa daga kwalba. Na biya gareji na faɗa wa wani yaro da ya saba taɓa min motar, ko bonet bai ɗaga ba ya ce Alhaji hita ce kawai, ina ruwanka da ita, ai mota tana tafiya. Ni ma da yake haka nake son ji sai na yarda na kama gabana. Sati biyu ba su cika ba, ina cikin hawa wani tudu da kaya a but, allura ta miƙe ta nufi ja.

Wani dattijon makanike ne ya karɓe ni a ranar, kuma shi ya fara wanke ni kafin ya taɓa motar. Ya ce motarka ta yi sati biyu tana gaya maka ruwanta ya yi ƙasa kai ka ƙi ji. Na ce yaushe, ya ce ranar da hita ta daina ɗumi in kana tsaye. To daga nan ne fa na zauna a kan benci na ce baba sai ka fahimtar da ni, kuma abin da na fahimta daga bakinsa da abin da na bi na karanta daga baya shi ne nake son in baje a nan.

Inji dai wuta ce ake hurawa a cikin ƙarfe. Zafin da ke tashi cikin silinda lokacin da fetur ya kama yana haura digiri 2000, shi kuma alminiyon da ake yin kan inji da shi a yawancin motocin yanzu a digiri 660 yake narkewa, tun kafin nan ma ya daɗe da lanƙwashewa. Ƙarfin da ke cikin man da ka saya kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama tafiya, wani kason ya bi salansa ya fice, sauran kuma ruwa ne zai kwashe shi. Shi ya sa aka huda hanyoyi a jikin bulok da kan inji, ruwa yana zagaye silindoji yana ɗibar zafi yana kaiwa lagireto, iskar tafiya da fanka su huce shi, ya dawo. Zagaye ɗaya ne, ba ya fita ba ya ƙarewa in dai komai lafiya. Duk motar da kullum sai ka ƙara mata ruwa to tana zubarwa a wani wuri ko tana ƙonawa, kar wani ya ce maka ai haka take shan ruwa.

Wanda yake tura ruwan nan shi ne famfon ruwa, wata fom in ji mutanen gareji. Abu ne mara hayaniya, wani ɗan faifai ne mai fukafukai a kan sanda, bel yana juya sandar, faifan yana zuƙo ruwa ta tsakiya yana watsa shi gefe ya shige cikin inji. A wasu motocin fambel ne yake ja, a wasu kuma taimin bel, wasu na zamani ma da lantarki suke aiki ba ruwansu da bel, kamar Toyota Prius ta 2010 zuwa sama. Abin lura a nan, famfon da bel yake ja gudunsa gudun inji ne, in kana sulo a hankali yake turawa, in ka taka ya ƙara ƙarfi. Riƙe wannan don shi ne sirrin abin da ya faru da ni. Da can baya ma an yi motoci da ba famfo, yawancin Ford Model T da aka fara yi a 1908 ruwan da kansa yake zagayawa, mai zafi ya yi sama mai sanyi ya sauko, amma wancan ƙaramin inji ne mai doki 20, na yanzu ba zai lamunci wannan nawar ba.

Sai tamostat, wanda shi ne mai gadin ƙofar lagireto. A cikinsa akwai wani kaki, in ruwa ya yi zafi kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofa ta buɗe, in ya huce sifirin ya mayar da ita. Da safe a rufe yake, ruwa ba ya zuwa lagireto, yana ta kewaye a cikin inji ta wata gajeriyar hanya har sai ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 da 'yan kai, ya danganta da motar, galibi ma an buga lambar a jikinsa.

To ina hita ta shigo. Ni da ina zaton wata waya ce a ciki take ja kamar ta dutsen guga, ashe a motar fetur ko dizal ba haka ba ne sam. Wani ƙaramin lagireto ne aka ɓoye a bayan dashbod, girmansa bai wuce littafi mai kauri ba. In ka ɗaga bonet ka duba bangon da ya raba inji da cikin mota za ka ga tiyo biyu a jere sun shige ciki, ɗaya yana kai ruwan zafi daga kan inji, ɗaya yana dawo da shi wajen bakin famfo inda ake zuƙa. Fankar cikin mota ta huro iska ta ratsa shi, iskar ta ɗauki ɗumi ta fito maka a ƙafa ko a gilas. Wato zafin da inji zai yar ne ake ba ka kyauta. Maɓallin da kake murɗawa daga shuɗi zuwa ja, a yawancin motoci wata 'yar ƙofa yake juyawa wadda take raba iska, ko ta bi ta cikin ƙaramin lagireton ko ta kauce masa, shi ruwan yana nan yana wucewa ko ka kunna ko ba ka kunna ba, rani da damina. Wasu motocin ne dai aka sa musu bawul a kan tiyon da yake tsayar da ruwan. Kuma wannan hanyar ba ta jiran tamostat, shi ya sa za ka fara jin ɗumi a ciki alhali babban tiyon lagireto na sama bai ko fara zafi ba.

Ka ga ke nan ruwa ɗaya ne, famfo ɗaya ne, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Sai dai ita hita ta fi kowa saurin kuka, dalili biyu. Na farko a motoci da yawa tana zaune a sama sama, in ruwa ya ragu ita ce take fara zama fanko, iska ta taru a cikinta. Na biyu hanyoyin cikinta sirara ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya ishe su. Abin da ya faru da ni ke nan, ruwa ya yi ƙasa, a sulo famfo ba shi da ƙarfin cilla shi har can sama, in na taka sai ya samu ya watsa ɗan abin da ya samu, ƙarar ƙulul ƙulul ɗin nan kuwa ruwa ne da iska suke kokawa a cikin tiyo. Allura kuma ba ta nuna komai ba saboda a lokacin sauran ruwan yana iya riƙe injin a tafiyar gari. Dattijon ya ƙara min da wani abu mai ban tsoro, ya ce in ruwa ya yi ƙasa sosai na'urar da ke auna zafin tana iya zama a cikin iska ba a cikin ruwa ba, sai allura ta yi maka ƙarya inji yana dahuwa.

Da ya kwance famfon ya miƙo min a hannu ya ce duba da idonka. A ƙasansa akwai wani ɗan rami kamar na hancin allura babba, ƙarƙashin ramin duk wani busasshen abu ya daskare fari fari da ja ja ya yi layi har ƙasa. Ya ce wannan ramin da gangan aka yi shi, in sil ɗin ciki, wato abin da ke tare ruwa, ya fara mutuwa ta nan ruwa zai riƙa ɗiga don ya sanar da kai kuma kar ya shiga boris ɗin da sandar take juyawa a kai. Ɗigon yana sauka a jikin inji mai zafi ya bushe, shi ya sa ban taɓa ganin ko ɗigo a ƙasa inda nake ajiye mota ba. Ya kama fulin ya girgiza, sai ga shi yana lilo ƙwas ƙwas, boris ya tafi. Da ya juyo bayan kuwa kunya ta kama ni, fukafukan nan tsatsa ta cinye su sun zama kamar tsohuwar reza, biyu ma babu su sai gurbi. Wai da wannan nake hawa tudu. A wasu motocin faifan na roba ne, shi ba ya tsatsa amma yana tsagewa ko ya kwance daga jikin sanda, sanda tana juyawa shi yana tsaye, ka duba daga waje ka ga komai lafiya lau alhali ruwa ba ya motsi.

Tsatsar nan laifina ce ba na kowa ba. Shekara da shekaru ruwan famfo zalla nake ɗurawa, ina cewa kulant, wato ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa, ai na masu ƙanƙara ne. Eh gaskiya ne sinadarin da ke ciki, etilin gilaikol, in aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, amma ba aikinsa ke nan kaɗai ba. Yana ɗaga tafasar ruwa daga 100 zuwa wajen 107, sannan babban abin shi ne magungunan hana tsatsa da aka zuba a ciki, don a cikin inji ƙarfe da alminiyon da wani lokacin tagulla duk suna jiƙe a ruwa ɗaya mai zafi, in ba magani sai su yi ta cin juna. Ruwa zalla kuma yana barin farin dattin nan irin wanda yake kamawa a gindin butar dafa ruwa, to ka ƙiyasta shi a cikin hanyoyin hita da ba su fi tsinke faɗi ba. Maganin ma yana ƙarewa, tsohon samfuri wajen shekara 2 ake canzawa, masu dogon zango su kai 5, littafin motarka zai faɗa maka. Kar kuma a ce tunda yana da kyau bari in zuba shi zalla ba sirki, ruwa ya fi shi iya ɗaukar zafi, sirkin ne daidai sai in wanda aka riga aka sirka ka saya. Kuma kala ba hujja ba ce, kore da kore suna iya zama iri daban, wasu in aka gauraya su sai su yi kauri su toshe hanya. A kula da yara da dabbobi, abin yana da zaƙi kuma guba ne mai kashe ƙoda.

Murfin lagireto ma da muke raina shi, wani har tsumma yake cusawa in ya ɓata. Duba samansa, a motoci da yawa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ke nan, kuma matsin ne yake hana ruwa tafasa har sai ya wuce digiri 120. In robarsa ta mutu ruwa zai tafasa da wuri ya yi ta tserewa ta robar ajiyar ruwa. Wannan matsin ne kuma ya sa ba a buɗe murfi inji da zafi, kana sassautawa ruwan da ya wuce 100 zai tafasa nan take ya yo fuskarka. A jira ya huce, ba jarumta a ciki.

Yanzu maganar da na san za ta jawo min faɗa da wasu kanikawa. Cire tamostat a yar ba gyara ba ne. Na san hujjarsu, wai yana hana ruwa gudu, kuma gaskiya ne in ya maƙale a rufe yana dafa inji cikin mintuna, amma maganin wanda ya lalace ai sabo ne. In babu shi inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara mai, baƙin mai ya ƙi sakin jiki, ƙarafa su yi ta gugar juna, hita kuma ta koma ɗumi ɗumi. Wani abin da ba a faɗa, a injuna da yawa tamostat ɗin ƙofa biyu yake tsarewa, yana buɗe ta lagireto yana rufe gajeriyar hanyar nan ta cikin inji. Ka cire shi gajeriyar hanya ta zauna a buɗe, wani kason ruwan ya riƙa yanke ya koma inji bai ga lagireto ba, sai a zo ana mamaki an cire tamostat amma mota tana obahitin a gosulo.

Haka masu yanke tiyon hita in ta fara yoyo. Na fahimci dalili, fito da ita aiki ne, a motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya. In dole ta sa, a haɗa tiyo biyun baki da baki ruwa ya ci gaba da zagayensa, kar a toshe kowanne da fulogi ko guntun ice, don a wasu injunan ta nan ruwa yake kewayawa kafin tamostat ya buɗe. Amma a sani an yi asarar abu biyu, maganin hazon gilas in ana ruwan sama da dare, don iska mai ɗumi haɗe da AC ita take share shi da sauri, da kuma ɗan saƙon nan da yake gaya maka ruwa ya ragu. Alamar yoyonta ba ta ɓuya, wani ƙamshi mai zaƙi zaƙi a cikin mota, gilas yana yin hazo mai maiƙo da in ka goge sai ya dame, kafet ɗin gaba a jiƙe yana santsi a hannu. In ruwan fari ne tas ba ƙamshi ba santsi to wataƙila na AC ne da magudanarsa ta toshe, kar a sa ka sauke dashbod a banza. Garin nan da ake zubawa a lagireto wai yana like yoyo, ni dai na sallama shi, bai san ramin yoyo da hanyar hita ba, duk wanda ya samu likewa yake.

Ga gwajin da dattijon ya koya min wanda ko sifana ba ya buƙata. In mota ta ɗumama, ka murɗa hita zuwa ƙarshe, ka taɓa tiyo biyun nan a hankali, ka kiyayi fanka da bel, fankar lantarki tana tashi ba sallama. In duka biyun da zafi amma ciki sanyi yake hurowa, ruwa ba shi da laifi, 'yar ƙofar iska ce ko abin da ke juya ta. In ɗaya zafi ɗaya sanyi ƙalau, hita ta toshe, sau da yawa in aka cire tiyo aka tura ruwa ta baya a hankali ba da matsi mai yawa ba sai dattin ya fito. In duka biyun ba zafi alhali inji ya yi zafi, to nan ne ake tsayawa, ko ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga ko famfo ya gaza. In kuwa komai ɗumi ɗumi ne kuma allura tana sauka in ka miƙi hanya, tamostat ya maƙale a buɗe ko wani ya taimaka maka ya cire.

Bayan kowane aiki da aka zubar da ruwa a tabbata an fitar da iska, nan ma ana yawan ha'inci, a cika a rufe a ce ka tafi. Inji a sanyaye ake farawa, gaban mota ya ɗan ɗaga, hita a kan ja, a bar shi yana aiki ana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa tamostat ya buɗe fanka ta tashi, wasu motocin ma da ɗan noti na musamman na sakin iska. Washegari da safe ka sake duba robar ajiya. Wanda kuma famfonsa a kan taimin bel yake, ranar canza bel a canza su tare, aikin kwancewar ɗaya ne, kuma in famfon ya cije zai iya tsinka bel ɗin, a injuna da yawa daga nan fistin ya daki bawul, magana ta zama ta sauke inji.

Abin da ya ceci tof gasket ɗina, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok, a ranar tudun nan, wani direban babbar mota ne da ya taɓa ce min in allura ta tashi ka kashe AC ka ƙure hita da fanka ka sauke gilasai. Na tuna na yi, da yake na taka inji ɗan ruwan da ya rage ya kai can, zafi ya bugo ni kamar an buɗe tanda, allurar ta ɗan ja baya har na samu inda na raɓe na kashe. Ƙaramin lagireto ne ai, ya karɓi wani kason aikin babban. Dabara ce ta 'yan mintuna ta neman wurin tsayawa, ba ta ci gaba da tafiya ba ce, kuma in ka ƙure hita a irin wannan hali ka ji sanyi take hurowa to ruwa ya ƙare, kashe inji a inda kake.

Malam Edita na san na cinye fili, a yi haƙuri, in an ga dama a datse inda ya yi yawa amma don Allah a bar gwajin tiyo biyun nan. Tsohon famfon yana nan a but ɗina har yau, na hana a jefar, duk wanda na ji yana cewa ai ruwan famfo ya isa sai in ɗauko in miƙa masa ya ƙirga fukafukan da suka rage. Yaron garejin nan ma na kai masa ya gani, ya jujjuya shi ya ce Alhaji ai irin wannan famfon dama ba ya ƙarko.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu